Gargaɗi ga masu makarantu: ku yi hattara da masu yawo da tallar fotal da manhajar karatu

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyayenmu masu makarantun kuɗi da shugabannin Islamiyyu da masu cibiyoyin koyar da kwamfuta da sana'o'i. Don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe. Akwai wata damfara da take cin mutanenmu a ɓoye, kuma yawancin waɗanda aka cuta ba sa faɗa saboda kunya, shi ya sa masu yin ta suke tashi daga wannan makaranta su faɗa waccan hankalinsu kwance.

Za ka ga mutum ya zo ofis tsaf-tsaf da laftof da katin kamfani mai sunan turanci, ya ce za su yi wa makaranta fotal, yara su duba sakamako a waya, malamai su ɗora darasi da aikin gida, iyaye su biya kuɗin makaranta daga gida, a yi jarrabawa ta kwamfuta, abin da suke kira LMS kenan, wato manhajar tafiyar da koyo da koyarwa. Zai buɗe maka ya nuna, komai na aiki sumul, har da tambarin makarantarka a sama don ya riga ya ɗauko shi daga shafinku na Facebook kafin ya zo. Tun lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu wannan kasuwa ta buɗe, amma yanzu sun samu sabon abin tsoratarwa. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa ana so jarrabawar WAEC da NECO su koma ta kwamfuta zuwa 2026, to da wannan suke shigowa, su ce maka duk makarantar da ba ta da manhajarsu za a ƙwace mata cibiyar jarrabawa, ko su ce su wakilai ne da aka amince da su. Wallahi ƙarya ce. Hukumar jarrabawa ita ke fitar da sharuɗɗanta da kanta ta aiko ta hanyar da kuka saba karɓar saƙonta, haka JAMB take tun da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ita take duba cibiya ta tantance ta. Manhajar da yara za su yi gwaji su saba da linzami da kibod abu ne mai kyau, amma sayen ta a hannun wani ba ya ba ka lasisin komai.

Ni aikin kwamfuta nake yi wa makarantu, kuma ba ina cewa duk mai sayar da fotal ɓarawo ba ne, akwai yaranmu masu amana da suke wannan sana'a tsakani da Allah kuma sun cancanci a biya su da kyau. Inda matsalar take shi ne mabuɗi. Kowace irin wannan manhaja tana tsaye ne a kan abubuwa kaɗan: adireshin shafin da ake kira domen, da wurin ajiya da ake haya a saba (babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin) wato hostin, da lambar sirrin babban admin, wato akawun mai iko da komai a manhajar, sai kwafin bayanan da ke ciki. Domen da hostin haya ne, galibi duk shekara ake sabuntawa. To abin da mugayen suke yi shi ne su yi rajistar duka da sunansu da imel ɗinsu, kai kuma su ba ka wani ƙaramin akawun da za ka iya shigar da maki da sunan yara kawai, kana ganin ka sayi abu alhali kamar ka biya kuɗin gini ne amma takardar fili tana hannun magini, ranar da kuka saɓa shi ke da gida.

Wata baiwar Allah mai makarantar firamare da sakandare ta kira ni kan irin wannan. Ta biya kuɗi masu kauri, an yi mata aiki, zangon farko lafiya lau, malamanta suka zauna dare da rana suna shigar da sunan yara da maki da hotuna, har suka daina cika babban rajistan takarda saboda an ce musu an wuce wannan zamanin. Ana saura kwanaki a raba sakamakon zango na uku sai shafi ya ƙi buɗewa. Ta kira, ya ce saba ce ta cika sai an ƙara kuɗi, ta tura. Ya buɗe kwana biyu ya sake rufewa, ya ce yanzu kuma lasisi ne ya ƙare kuma da dala ake biya, dala ta tashi. Da ta ce to a ba ta bayanan yaranta ta koma wani wurin sai ya daina ɗaga waya, daga baya layin ma a kashe, ofishin da ke jikin katinsa aka je aka tarar shagon wani ne daban. Da na duba babu abin da zan iya ceto mata, domen ba sunanta ba, hostin ba sunanta ba, kwafi ko ɗaya ba ta da shi. Malamai suka koma tattara takardun gwaji daga cikin kwalaye suna sake lissafi da hannu, iyaye na zuwa suna faɗa a bakin get, wasu suka cire yaransu. Kuɗin da ta rasa bai kai zubewar mutuncin makarantar ciwo ba, abin da ta gina shekara da shekaru.

Maganar lasisin nan ita ta fi ƙona min rai. Da yawa daga abin da suke nunawa suna cewa injiniyoyinsu ne suka ƙera, Moodle ce kawai aka canza wa launi aka manna tambari. Moodle manhaja ce ta kyauta da wani ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar tun 2002, jami'o'i a faɗin duniya suna amfani da ita, kowa zai iya sauke ta ba tare da ya biya ko sisi ba. Halal ne mutum ya caje ka kuɗin ɗora ta da gyara ta da koya wa malamanka da kula da ita, wannan guminsa ne, kuma hostin dole a biya. Amma ya ce maka kuɗin lasisin Moodle ya ƙare, wannan sata ce da rana tsaka. Haka Google Classroom, tun 2014 take kuma kyauta ce, na ga inda aka buɗe wa wata cibiya aji a cikinta aka karɓi kuɗi da sunan an gina musu manhaja.

Akwai kuma masu ɗauko manhajar kuɗi irin LearnDash da ake ɗorawa a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet, amma ba ta asali ba, wadda aka fasa aka watsa a intanet. Su ba su biya masu ita ba, kai kuma sun karɓi naka cikakke. Irin wannan ba ta samun sabuntawa, kuma sau da yawa waɗanda suka fasa ta sun bar wata ƙofa a ciki da za su iya shiga, sai ka wayi gari shafin makarantar Islamiyya yana tura mutane wurin caca ko abin da baki ba zai iya faɗa ba.

Kuma don Allah mu tuna me muke zubawa a cikin fotal ɗin nan. Sunan yaro da hotonsa da ranar haihuwa da unguwarsu da lambar wayar uba da uwa, wani lokaci har lambar NIN saboda rajistar jarrabawa. A halin tsaron da muke ciki a Arewa, ka miƙa wa mutumin da ba ka san gidansu ba jerin yara da adireshinsu da wanda ya fi biyan kuɗi da wuri, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Ko ba a kai can ba, da lambobin iyayen nan ake tura saƙo da sunan makaranta a ce an canza asusun biyan kuɗi. Sannan akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, da hukumarta NDPC, kuma makarantar da ta karɓi bayanan tana da alhakin kula da su, ba za ka tsira da cewa ai mai fotal ne ba.

Ɗaya ɓangaren kuma malamai da matasa yake ci. Za a jefo talla a guruf ɗin WhatsApp ko Telegram, kwas ta intanet na wata uku, difloma daga wata jami'ar Ingila ko Amurka da ba wanda ya taɓa jin sunanta, ka biya kuɗin rajista a ba ka shiga fotal, in ka kawo mutum uku a ba ka kamasho. Ka shiga ka tarar bidiyoyin YouTube ne aka jera, satifiket ɗin kuma kowa zai iya buga irinsa a shagon kwamfuta. Duk karatun da ribarsa take wurin kawo mutane ba wurin koyo ba, ɗan uwan MMM ne da ya kwashe kuɗin mutane a 2016, an sa masa rigar makaranta ne kawai. A Najeriya NUC ke amincewa da jami'o'i, NBTE da ke Kaduna ita ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma kwalejojin ilimi, in makarantar cikin gida ce kuma sunanta ba ya wajensu to takardarta ba za ta yi maka aiki a gwamnati ba. Ba mu manta ba a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a farkon 2024. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koyar da fasahar kwamfuta ma kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi ya saka ka a ciki ka san da wa kake magana.

To Alhaji, Hajiya, Malam, in mai fotal ya zo kada a yi saurin ba da kafin alƙalami komai daɗin bakinsa, kuma in ya ce garaɓasa ce yau za ta ƙare ku bar ta ta ƙare. Ku nemi lambar rajistar kamfaninsa ku duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, duk da cewa rajista kaɗai ba ta nuna amana, ɓarawo ma yana iya yi. Ku ce ya faɗi makarantu uku da suka shekara suna amfani da aikinsa, kuma kada ku tsaya a lambar da zai ba ku don abokinsa zai iya ɗagawa, ku taka ku je ku ga hedimasta ido da ido ku tambaye shi yadda suka ƙare lokacin sabuntawa. Kuɗi kuma a asusun kamfani mai suna iri ɗaya da na takarda, in ya ce a tura OPay ko PalmPay ɗin ƙaninsa saboda asusun kamfani na da matsala, a tsaya nan. A biya kashi-kashi, kowane kashi bayan an ga aiki.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne mabuɗan nan. A buɗe imel na makaranta wanda lambar sirrinsa ke hannun mai makaranta, da shi za a yi rajistar domen da hostin, a gabanku, rasit ya fito da sunan makaranta. Akwai adireshi mai ƙarewa da .sch.ng da aka ware wa makarantu a ƙarƙashin NiRA mai kula da adireshin .ng, ku tambaya a kai. Babban admin ya zama naku, shi a ba shi nasa daban wanda za ku iya rufewa. A rubuta a yarjejeniya nawa ne kuɗin sabuntawa duk shekara, me ya ƙunsa, kuma duk ranar da kuka ce kun fasa zai ba ku bayananku cikakku a fayil ɗin Excel ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, wasu ma su za su fara kawo maganar. Kuma ko da wa kuke aiki, duk ƙarshen zango a sauke maki a ajiye a filash a buga a takarda, kada a yar da rajistan hannu.

Wanda kuma ya riga ya shiga hannu, in shafin yana buɗewa yanzu to yau ɗin nan a sauke duk abin da za a iya saukewa kafin a fara rigima da shi, don da zarar ya ji ana maganar mabuɗi zai iya rufewa. In ya riga ya gudu, a daina tura ƙarin kuɗi, a adana rasit da alat da hirar WhatsApp da muryoyin da ya turo, a je banki da wuri a shigar da ƙorafi kan asusun da aka tura wa, sannan a kai wa 'yan sanda ko EFCC, suna da ofis a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri. A sanar da iyaye a rubuce cewa asusun makaranta bai canza ba kuma kada su biya ta kowane link da aka turo musu. Sannan don girman Allah a faɗa a taron NAPPS, ƙungiyar masu makarantun kuɗi, na ƙaramar hukuma da guruf ɗin shugabannin Islamiyyu, da sunan kamfanin da lambar asusun da ya karɓi kuɗi da ita, saboda daga wajenku makarantar da ke bayan layinku zai nufa.