Wasiƙa Daga Manchester: Abin da Na Gano Game da Sigarin Lantarki Mai Ƙarfin Wuta

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda ka nemi in aiko maka da babban sigarin lantarkin nan da ka gani a bidiyo, wanda mai shansa ke fesar da tururi har fuskarsa ta ɓace, saboda ka ji an ce yana taimaka wa mutum ya rabu da taba. Ban yi gaggawar amsawa ba, domin na san shekarun da ka shafe kana fama da tari, kuma ban so in sayo maka abin da burge ido kawai zai yi. Sai na ware ranar Asabar na zaga shagunan da ke sayar da kayan, sannan na zauna da wani abokin aikina wanda ya bar taba ya koma irin wannan babbar na'ura.

A Ingila kwalin taba mai kara 20 ya haura fam 15 a shaguna da yawa, ana ɓoye shi a bayan kanta, kuma babu mai sayar maka da kara ɗaya kamar yadda mai tebur ke yi a bakin titi a gida, duk da cewa dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana hakan. Shagunan sigarin lantarki kuwa da wuya ka bi babban titi ba ka ga ɗaya ba, kuma a shekarar 2023 gwamnati da kanta ta sanar da shirin bai wa masu shan taba miliyan ɗaya na'urar kyauta domin su daina. Doka ta ɗaure kayan sosai: tankin ruwan da na'urar ke mayarwa tururi ba ya wuce mililita 2, nikotin, wato sinadarin da ke sa jarabar taba, ba ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kwalbar ruwa mai nikotin ba ta wuce mililita 10, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma tun 1 ga Yunin 2025 an haramta irin wanda ake sha a yar.

Mai shagon da na fi daɗewa a wurinsa ya ajiye mini na'ura biyu a kan gilashi. Ɗaya siririya ce kamar alƙalami, tana aiki da wat 10 zuwa 20, ana zuƙa a tara a baki kafin a kai ƙirji, yadda mai shan taba ya saba. Ɗayar kuwa ta cika tafin hannu, tana cin batir biyu, tana da ɗan allo da maɓallan ƙara wuta, kuma wasu irinta na kaiwa wat 200. Ya kwance tankinta ya ciro koyil ɗin, wato zaren ƙarfen da ke ɗaukar zafi, wanda girmansa bai wuce kan ɗan yatsa ba. A jikinsa an rubuta iyakar wutar da ya dace da ita, wat 50 zuwa 60, a cikinsa kuma ga lagwanin farar auduga da ke tsotso ruwan. Ya ɗiga ruwa a kan audugar, ya ce dole sabon koyil ya jiƙa na 'yan mintoci kafin a kunna, in ba haka ba zuƙar farko za ta ƙone shi.

A bakin abokin aikina na fahimci abin da ke jan mutane zuwa ga wuta mai ƙarfi. Ya ce ƙaramar na'ura ta riƙa ba shi tururi mai sanyi da bai taɓa gamsar da shi ba, domin abin da jikinsa ya saba da shi shi ne ɗumin hayaƙi yana sauka a ƙirji, kuma sai da ya kai wat 60 ya ji wannan ɗumin. Ƙarin wuta na mayar da ruwa mai yawa tururi a zuƙa ɗaya, shi ya sa ƙamshin mangwaro ko na madara ke fitowa sosai, kamar yadda yaji ba ya buɗewa a miyar da ba ta tafasa ba. Ruwan da suke zubawa ma daban ne, mai kauri, yawanci kashi 70 cikin ɗari gilisarin ne, wato sinadari mai kauri da ke yawaita tururi, wanda ƙaramar na'ura ba ta iya tsotsa da kyau. Zuƙar kuma kai tsaye take zuwa huhu, irin ta shisha, kuma duk wanda ya ga samari a shagunan shisha na titin Wilmslow a nan, ko a gidajen shaƙatawa na Kano da Abuja, ya san yadda gajimaren hayaƙi ke ruɗar ido. Akwai kuma waɗanda abin ya zame musu sha'awa, suna naɗa koyil da hannunsu suna gwada wuta, kamar yadda wasu ke ƙawata babur.

Hujjar da ya fi alfahari da ita ita ce ta nikotin. Masu babbar wuta ba sa iya jure ruwa mai miligiram 20, domin zai shaƙe su ya juya musu kai, saboda haka suna shan mai miligiram 3 ko 6. A gabana ya buɗe kwalba mai cin mililita 60 wadda aka zuba wa mililita 50 na ruwa marar nikotin, ya juye ƙaramar kwalba ta mililita 10 mai ƙarfin miligiram 18 a ciki, ya girgiza, ruwan ya koma miligiram 3. A ganinsa ya kusa rabuwa da nikotin. Amma da na tambaye shi yawan abin da yake sha, sai ya ce kwalbar ba ta cika mako, wato kusan mililita 10 a rana, miligiram 30 ke nan, daidai da wanda ya sha mililita ɗaya da rabi na mai ƙarfi a ƙaramar na'ura. Nikotin ɗin bai ragu yadda yake zato ba, ruwan da ke bi ta huhunsa ne ya ninka fiye da sau shida, kuma wannan lissafin ne ya sanyaya mini gwiwa.

Zafin da ya wuce kima ma yana da tasa illar. Idan auduga ta bushe koyil na ci, sinadaran ruwan na rikiɗewa su fitar da fomaldihaid, dangin fomalin da ake adana gawa da shi, wanda ke cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Masu bincike a wata jami'a da ke Portland ta Amurka sun nuna haka a 2015, ko da yake wasu masana sun amsa da cewa ɗacin ƙuna kan sa mai sha ya dakata da kansa. Na ga tsohon koyil ɗin abokin nawa, audugar ta yi baƙi ƙirin kamar lagwanin fitilar ƙwai, kuma mako biyu kacal ya yi da shi. Kuɗi ma na tafiya, ga shi gwamnati ta tsara harajin fam 2.20 a kan kowace mililita 10 daga Oktoban 2026, wanda zai ƙara fam 13.20 a kan waccan kwalba tasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Yaya, shi ne babbar na'ura ba ta tsayawa ita kaɗai. A nan idan koyil ya ƙone, tafiyar minti goma ce zuwa shago, ruwa mai nikotin sai an yi masa rajista da hukumar magunguna kafin ya hau kanta, wutar caji kuma ba ta ɗaukewa. Batirin da take ci, mai lamba 18650, kamarsa ɗaya da wanda ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta a sayar a kasuwa don tocila, alhali wancan ba a yi shi don ya ba da wuta mai yawa lokaci guda ba, kuma idan aka matsa masa yana iya yin zafi ya fashe. Ko na ainihin ma, idan ledar jikinsa ta yage ya haɗu da makulli a aljihu, wuta ce. Ina tsoron ranar da batirinka zai mutu, ko ruwanka ya ƙare, ka sayi wanda ba ka san abin da aka zuba a ciki ba, ko kuma ka koma wurin mai tebur.

Saboda haka ƙaramar na sayo maka, da koyil goma sha biyu da ruwan da zai kai ka 'yan watanni, kuma zan ba wanda zai zo gida ya riƙo ta a jakar hannu, tunda kamfanonin jirgi ba sa yarda a sa ta cikin kayan awo. Hukumar lafiya ta nan ta ce illar sigarin lantarki ba ta kai ta taba ba, amma ba ta ce ba shi da illa ba, kuma ta gargaɗi wanda ba ya shan taba kada ya fara, don haka ina roƙonka kada samarin gidan su ɗana. Kwalaben ruwan ka kulle su a akwati, domin ƙamshinsu na alewa ne kuma nikotin guba ne ga ƙaramin yaro. Kafin kayan su iso, don Allah ka je likita ya duba tarin nan, ka kuma sanar da ni abin da ya ce.