Ƙara wa tsofaffin kwamfutocin ofis ƙarfi: SSD ta biya, katin hoto ya ɓata min rai

Sana'armu zane da ɗab'i ce a cikin birnin Kano, katin biki da kalanda da allunan talla su ne abincinmu, kuma kwamfutocin da muke aiki da su Dell OptiPlex 7010 ne na gwanjo, ƙirar 2012, masu furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 da RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 4. Sayen sababbi a wannan tsadar ya fi ƙarfinmu, shi ya sa na kira wani mai gyara ya ƙara musu ƙarfi, domin manhajojin zanenmu, CorelDRAW da Photoshop, sun kai matsayin da yaro zai danna fayil ya fita sayen shayi ya dawo ya tarar bai gama buɗewa ba.

A kashin farko na aikin ba ni da abin cewa sai godiya. Ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD, wato ma'ajiyar zamani marar juyawa, ya kai RAM gigabait 16 na samfurin DDR3, ya kakkaɓe ƙurar hunturun da ta toshe fankoki, ya kuma sabunta man da ke rage zafin furosesa. SSD irin ta SATA tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, ninki da yawa a kan tsohon faifai, kuma tun ranar farko aka ga bambanci: zanen allon talla mai nauyi ya daina daskarewa, kuma idan aka ɗauke wuta muka koma kan janareta, kafin a zauna kwamfuta ta riga ta tashi.

Inda muka ɓata da shi kuwa shi ne katin sarrafa hoto, wato na'urar da ake saka wa kwamfuta don ta ɗauki nauyin nuna zane a allo. Akwatin waɗannan injuna siriri ne, na'urar ba da wutarsu wat 240 kacal, saboda haka babban kati ba zai shiga ba. Muka daidaita a kan GT 1030 na NVIDIA, wanda ba ya buƙatar ƙarin waya kuma abin da yake ja bai wuce wat 30 ba, don kwamfutar da ake yi wa masu gini zanen gidaje da manhajar SketchUp a kanta. Bayan an saka, da zarar an juya zanen gida sai ya riƙa cijewa kamar ba a ƙara komai ba. Ɗan yayana ne ya buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, sai ga shi ta nuna ma'adanar katin samfurin DDR4 ce. Wannan kati iri biyu ne da suna ɗaya: na asali na 2017 mai ma'adanar GDDR5, wanda ke wuce da bayanai gigabait 48 a daƙiƙa, da kuma mai DDR4 da aka fitar a 2018, wanda bai kai rabin haka ba. Kuɗin mai GDDR5 na biya, kuma da bakinsa ya faɗi sunan lokacin ciniki.

Da na same shi a shago, abin da ya ce min shi ne, "Haba Alhaji, GT 1030 ai GT 1030 ce." Ya ƙara da cewa tunda an buɗe kwali ba a mayar da kaya, alhali shi da hannunsa ya buɗe shi a gabana. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi min ciwo, domin mutumin da ya san bambancin DDR3 da DDR4 a RAM ba zai ce bai san shi a kati ba.

Daga nan ne ma na fara tuna sauran abubuwan da ya yi shiru a kansu. CorelDRAW ya fi dogara da furosesa da RAM, amma sai da ya yi ta lallashina in sa kati a kowace kwamfuta, Allah ya taimake ni na tsaya a guda. Haka kuma bai ambata cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 ba, kuma waɗannan injuna ba sa cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa a hukumance, wato ƙarfin da muka ƙara na jan lokaci ne kawai. Ragowar kuɗin aikinsa yana hannuna, kuma na shaida masa a gaban shugaban layinsu cewa ba zai karɓa ba sai ya kawo katin da muka yi ciniki a kansa.