Tukunyar tace ruwa mai kyandir: tana cire laka, ba ta cire zartsi

Ruwa iri biyu muke amfani da shi a gidanmu a Tudun Wadan Zariya: na famfo idan ya zo, da na burtsatse da 'yan garuwa ke turo mana a kura idan ya ɗauke. Da duka biyun na gwada tukunyar nan, tun daga ƙarshen rani har damina ta kankama.

Irin mai hawa biyu ce ta silba. Ana zuba ruwa a ta sama, ya ratsa ta cikin kyandir na farin yumɓu, ya riƙa ɗiga a ta ƙasa mai ɗan famfo a gindi. Ba ruwanta da lantarki, kuma wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin mutum a garin nan.

A kan ruwan famfo babu abin da zan ce sai sambarka. Ruwanmu na famfo asalinsa na kogi ne, daga Galma, kuma an tace shi kafin a turo, har wani lokaci kana jin ɗan warin kilorin. Matsalar a hanya take. Idan ruwa ya kwana biyu bai zo ba, bututu ya zama fanko, duk inda ya tsage sai ya zuƙi ƙazantar da ke kewaye da shi, balle inda ya bi ta cikin kwata. Shi ya sa ruwan farko ke zuwa jawur. Da can sai mu jefa alif mu jira ya kwanta. Yanzu ina bari ya ɗan kwanta a bokiti, in zuba a tukunyar da daddare, da safe in tarar da shi garau. Ranar da na fara ciro kyandir ɗin don wankewa, ya koma ruwan ƙasa, da wani santsi a jikinsa da ke biyo yatsa. Na daɗe ina kallonsa, don duk wannan a cikin 'ya'yana zai ƙare.

Sai dai tana da nawa. Gida mai mutane da yawa, in ba a cika ta safe da yamma ba, za a nemi na sha a rasa. Da damina kuma kyandir na saurin toshewa, sai an goge shi da burushi mai laushi da ruwa zalla, ban da sabulu.

Ruwan burtsatsen ne ya nuna iyakarta. Da zan saya, mai shagon ce mini ya yi, "Hajiya, wannan har zartsi take cirewa." Ba ta cirewa. Ruwan da ake kawo mana fes yake a ido, amma sabulu ba ya kumfa da shi yadda ya kamata, wake na daɗewa bai nuna ba, kuma gindin butar shayi ya yi farin ɓawo mai kauri. Bayan tacewa duk waɗannan suna nan yadda suke. Dalili kuwa, abin da ke kawo su sinadaran kalsiyam da magniziyam ne da ruwa ya kwaso daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, sun narke a cikinsa kamar gishiri a miya. Kyandir yana tare abin da ke yawo a ruwa ne, irin su laka da yawancin ƙwayoyin bakteriya. Abin da ya riga ya narke wucewa yake yi abinsa.

Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar waɗannan sinadarai a miligiram 150 cikin kowace lita, amma illarsu ta fi yawa a kan sabulu da tukwane, ba a kan lafiya ba. Ɓawon buta kuma, a matsa lemun tsami a ruwa a tafasa, sai ya saki.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da za su sayi tukunyar su saki jiki da ruwan rijiya. A unguwanni masu cunkoso, musamman cikin birni, sau da yawa rijiya da masai ba su da nisa da juna. Irin wannan ruwa kan ɗauki sinadarin naitiret, wanda iyakarsa miligiram 50 ne a lita, kuma yana da haɗari ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida. Ba shi da launi ko wari, kyandir ba ya tare shi, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji za a gane. Haka ƙwayoyin bairos, sun fi ramukan yumɓun ƙanƙanta, shi ya sa har yau nake tafasa na jaririyata bayan na tace.

Wanda damuwarsa lakar ruwan famfo ce, ya saya, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Wanda zartsi ya dama, ya riƙe kuɗinsa. In za a saya, a sa mai shago ya ciro kyandir ɗin a duba shi a haske, domin ko tsagewa kaɗan gare shi ruwa ta nan zai bi ba tare da an tace shi ba. A duba robar da ke gindinsa ta zauna daram, sannan a tambaya ko yana sayar da kyandir na canji, don akwai masu kawo tukunyar ba su kawo shi.