Digiri na biyu a fannin zane a ABU Zariya: abin da mai tasowa daga Sakkwato zai samu da abin da zai kashe

Malamin zane da ke koyarwa a Sakkwato, a kwalejin ilimi ne ko a sakandare, idan ya yi niyyar ƙaro karatu, Zariya ce takan fara zo masa a rai. Akwai dalili. Tun 1955 aka dawo da koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a 1962. A nan ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, suna cewa a ɗauki dabarar Turai a haɗa da abin da aka gada a gida. Wannan ra'ayi bai bar sashen ba, kuma shi ne babban abin da zai amfani Basakkwace.

Kafin a sayi fom, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin nan ake yawan yin ɓatan kai. Sashen zane yana da MFA, wato digirin aikin hannu a fenti ko sassaƙa, sannan yana da digirin koyar da zane da na tarihin zane. Mai son tukwane ko zanen tufafi ko zanen talla, sashen zayyanar masana'antu zai nufa, wanda yake zaman kansa. Takardun da za a tanada sanannu ne: digirin farko mai daraja ta biyu, shaidar bautar ƙasa, da cikakken sakamakon da tsohuwar makarantarka za ta aika. Wannan na ƙarshe shi ne mai jan ƙafa, a fara bin sa tun kafin a buɗe fom. Kuɗin makaranta yana sauyawa, a duba sanarwar makarantar karatun gaba da digiri ta shekarar da ake ciki.

MFA karatu ne na zama a sutudiyo. Ba ya yiwuwa ga wanda zai riƙa leƙowa ranar Juma'a ya koma Sakkwato ranar Lahadi, ga nisan hanyar Gusau da Funtuwa, ga halin tsaron da ya sa ba a son tafiyar dare. Abin da ake biya domin sa shi ne zaman suka: a jingina ayyukanka a bango, malamai da ɗalibai su tsaya a kansu, a tambaye ka me ya sa wannan launi, me wannan aiki ya ƙara a kan na makon jiya. Mu da muka saba da "ma sha Allah, ya yi kyau", zaman farko yana da ɗaci. Amma a ganina wannan sukar ce kaɗai ba za ka same ta a ɗakinka ba, kuma ta isa dalilin tafiya.

Kada ka zaci iya hannu ya wadatar. Ana son aikin ya tashi daga tambaya guda, a bi ta da gwaje-gwaje, a rubuta rahoto, a baje koli, a kare shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Ɗalibi ya ce zai yi aiki a kan "al'adun Sakkwato", wannan ba tambaya ba ce, teku ce. Amma ya ce zai gwada ko fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa za ta iya maye gurbin kanbas, wato yadin da ake zane a kai, to nan an samu abin yi. Ga yadda irin wannan gwaji yake tafiya. A yanka fatar ƙanana, kamar santimita 5 da 15, a shafa wa wasu akirilik (fentin da ake dama shi da ruwa, mai saurin bushewa) kai tsaye, wasu a fara yi musu farar shimfiɗa (farin shafin da ake yi kafin a ɗora fenti), wasu a rina da karan dafi kamar yadda dukawa suke yi. A rufe rabin kowane yanki da kwali, a ajiye a taga na makonni, a ɗauki hoto kowane mako a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Da an ɗaga kwalin za a ga launin da rana ta cinye. A lanƙwasa kowanne a ga wanda fentinsa ya tsage. Sannan a kiyayi ƙusar ƙarfe wajen ɗaure fatar a katako: ƙarfe yana haɗuwa da sinadarin bagaruwa ya bar baƙin tabo, musamman idan akwai laima. Duk wanda bai rubuta waɗannan a littafi tun ranar farko ba, ranar rubuta rahoto sai ya koma ƙirƙira, kuma mai jarrabawa yana ganewa.

Kayan aiki daga aljihunka suke fitowa, kuma sukan fi kuɗin makaranta cin rai. Fenti mai mai na kirki daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Don haka ɗalibai suke haɗa kanbas da kansu, kuma nan ake tafka ɓarna. A ja yadin daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, a shafa gam da aka tsinka da ruwa, a bari ya bushe, sannan farar shimfiɗa siririya sau 2 ko 3, ana gogewa da samfefa tsakaninsu. Idan aka tsallake gam, man fenti yana ratsa zare ya cinye shi a hankali. Idan aka zuba shimfiɗar da kauri sau ɗaya, ta tsage. Haka idan aka ɗora fenti marar mai sosai a kan mai maiƙo da bai bushe ba. Wanda zai kawo aiki gida lokacin hutu ya tuna da zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da akirilik yake bushewa a kan buroshi. A ajiye kwalbar fesa ruwa kusa, a yi aiki da sassafe. Mai sassaƙa kuma ya rufe yumɓunsa da jiƙaƙƙen tsumma da leda, in ba haka ba hunturu ya farfasa shi cikin dare ɗaya.

Batun siffar mai rai kuwa, gara a tattauna shi da malamin da zai duba aikinka tun wurin zaɓen jigo. A wannan mataki ɗalibi ne yake kawo jigonsa, kuma zayyanar allo da adon fata da aikin babbar riga da zanen bangon gidajen ƙasa sun ishi mutum bincike na shekaru.

Digirin koyar da zane wata tafiya ce daban. Yawancinsa karatu ne da rubutu: hanyoyin bincike, manhaja, ƙididdiga, sai kundi mai babi biyar. Ya fi dacewa da malamin da ba zai iya barin ajinsa ba, domin bayan kwasa-kwasai, makarantun Sakkwato su ne filin bincikensa. Rauninsa shi ne yawan dogaro da takardar tambayoyi: a raba wa malamai, a tattaro "na yarda" da "ban yarda ba", a kammala da cewa babu kayan aiki, abin da kowa ya sani. Kundin da ya fi amfani shi ne wanda aka ɗauki aji biyu na ƙaramar sakandare, aka gwada su tun farko, aka koyar da ɗaya da yumɓu da kara da rinin gida, ɗaya kuma yadda aka saba, aka sake gwadawa da ma'auni ɗaya. A samu malamai biyu su ba da maki ba tare da sanin ajin kowane aiki ba. A nemi izinin hukumar ilimi da wuri, don kada zangon karatu ya ƙare kana jiran takarda.

A takarda, karatun kusan shekara biyu ne. A aikace yana iya zarcewa, saboda jiran layin kare kundi da kuma yajin aiki irin na ASUU a 2022, wanda ya ɗauki wata 8. Malamin babbar makarantar gwamnati da ke neman tallafin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ya lissafa wannan kafin ya sa hannu a takardar hutun karatu.

Hukuncina: MFA ya cancanci wahalarsa ga wanda ya samu cikakken hutu, yake da kuɗin kaya a gefe, kuma yake da tarin ayyukan da zai nuna. Ya zaɓi ayyuka 15 zuwa 20 na shekarun baya-bayan nan, ya ɗauke su hoto a inuwa ba tare da filasha ba, ya rubuta girma da kayan da aka yi amfani da su da shekara a ƙarƙashin kowanne. Wanda ƙarin girma a wurin aiki yake nema, kuma iyali da aji suka riƙe shi a Sakkwato, ya ɗauki na koyarwa, ya tafi Zariya da sunayen makarantu biyun da zai yi gwajinsa a cikinsu.