Sharhi Kan Saƙonnin Gargaɗin Ambaliya Ta Waya A Fadamar Argungu

Damina biyu ke nan ina karɓar saƙonnin hasashen ruwan sama da wani kamfani yake turo wa manoman shinkafa ta waya, kuma kuɗin da ake cira bai tafi a banza ba, domin tun ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi na daina wasa da gargaɗi. Nakan gwada saƙonnin da hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta Najeriya (NiMet) da rahoton ambaliya na hukumar nazarin ruwa da koguna ta Najeriya (NIHSA), galibi kuma bakinsu yakan zo ɗaya.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen tsara kalmomin saƙon. Na ga maƙwabcina tsaye a bakin kogin Matan Fada da buhun taki a kan babur, yana duba saƙon da ya ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin ɗari, ya rasa ko ya zuba takin ko ya dakata. Masu bincike kan isar da gargaɗi sun daɗe suna nuna cewa mutane sun fi aiki da saƙon da ya ambaci wuri, lokaci da matakin da za a ɗauka. Ina roƙon kamfanin ya ƙara saƙon murya da Hausa, saboda dattawanmu da yawa ajami suke karantawa.