Fensirin McCay ko almakashin Reiniger?

Mai son fara fim ɗin zane yana da hanyoyi biyu da magabata suka share.

Winsor McCay, ɗan Amurka, da hannu yake zana kowane motsi. Fim ɗinsa Gertie na 1914, a kan wata ƙatuwar dabbar zamanin da (dinosaur), ya ci zane wajen 10,000 a kan takarda, har duwatsu da bishiyar da ke bayan dabbar sai an sake kwafa su kowane shafi. Dabbar tana numfashi, tana kuka kamar mai rai. Amma aikin sai gwanin zane mai haƙurin gaske.

Ni dai hanyar Lotte Reiniger, Bajamushiya haifaffiyar Balin a 1899, ta fi kwanta mini. Baƙin kwali take yankawa da almakashi, ta haɗa gaɓoɓin siffar da ta yanka da siririyar waya, ta shimfiɗa a kan gilashi, fitila a ƙasa, kyamara a sama. Ta ɗan gusa hannun yarima, a ɗauki hoto, ta sake gusawa. A haka ta kammala dogon fim ɗin Yarima Ahmed a 1926, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. Fuska ba ta fitowa, inuwa ce kawai, amma kwali, fitila da wayar hannu sun ishi ɗalibi ya gwada yau.