Madubin masu gyaran salula: zai iya aikin tantance foraminifera?

Mikroskop mai ido biyu da masu gyaran salula ke saye a Yamai, mai ƙara girma sau 20 da sau 40, shi ne ɗaliban ilimin duwatsu ke iya kaiwa gare shi da kuɗin aljihunsu. Tambayar ita ce ko zai yi wa mai neman foraminifera, wato ƙananan halittun teku masu ɓawo, a cikin laka da farar ƙasar Adar, inda teku ya kwanta a ƙarshen zamanin Kretase da kuma zamanin Paleyosen.

Wajen tsince yana da kyau ƙwarai. Akwai tazara sosai tsakanin gilashi da faranti, hannu na shiga da jiƙaƙƙen buroshi mai lamba 000 ba tare da karo ba. Amma sai samfur ya wanku: a jiƙa shi cikin ruwan oksijene, a tace da rariya mai mikron 63 (mikron dubu ne milimita ɗaya), a busar a zafin da bai wuce digiri 50 ba. Wanda ya ɗauki rariya mai 125, ƙananan sun bi ruwa, kada ya zargi madubi.

Aibinsa fitila ce. Zoben LED ɗin yana zuba haske ta ko'ina, inuwa ta ɓace, ɗinkin da ke tsakanin ɗakunan ɓawon ya shafe. To a nan aikin yake. Foraminifera jinsin Heterohelix ɗakunanta layi biyu ne kamar kitso. Guembelitria cretacea, wadda masanin foraminifera Cushman ya raɗa wa suna a 1933, layi uku ne, ɗakunan zagaye kamar curin fura, suna ƙara girma zuwa sama. A ƙarƙashin zoben duk fari fat suke, sai a ƙirga uku a matsayin biyu. A kashe shi, a kawo tocila daga gefe, ƙasa-ƙasa, a mirgina ƙwayar da buroshi har a dube ta daga ƙoƙuwa.

Ko da haka, sau 40 ya yi kaɗan ga abin da bai cika kai mikron 200 ba. Bakin ɓawon, wanda ke raba Guembelitria da masu kama da ita na ƙasan teku irin Praebulimina, da ƙyar yake fitowa. Ƙananan tudun da ke kewaye da ƙofofin fatarta kuwa sai mikroskop na elektron.

A saye shi don tsince da raba jinsi. Sunan nau'i a jira madubin da ya kai sau 80 zuwa sama. A kuma gwada maɗaurin kafin a biya, don wasu kansu na zamewa a hankali, kuma a ɗinka masa riga saboda ƙurar hunturu.